Tsakanin Magic da Kobe, wa ya fi barin suna a Lakers?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da yayana mun daɗe muna gardama a kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers da ke Amurka. Shi ya dage cewa ba a taɓa yin ɗan wasa kamar Magic Johnson a ƙungiyar ba, ni kuwa na tashi ne ina kallon Kobe Bryant, kuma ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Don Allah a raba mana wannan gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan ƙidayar kofuna za a bi, gardamarku ba za ta ƙare ba, domin kowannensu ya ɗauki kofin NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau biyar da rigar Lakers. Magic ya ɗauka a 1980, 1982, 1985, 1987 da 1988, Kobe kuwa a 2000, 2001, 2002, 2009 da 2010. Sai dai ni ina bayan yayanka, kuma ga dalilina.

Magic ya shigo ƙungiyar a 1979, kuma tun a kakarsa ta farko ya nuna irin ɗan wasan da yake. A wasa na shida na zagayen ƙarshe na 1980, Kareem Abdul-Jabbar, wanda shi ne ginshiƙin ƙungiyar, ya ji rauni a idon sawu bai buga ba. Sai aka tura Magic, yana ɗan shekara 20, ya tsaya a gurbinsa a farkon wasan, alhali aikinsa na asali shi ne rarraba ƙwallo. A daren nan ya ci maki 42 a gidan Philadelphia, ya cafke ƙwallo 15 daga kan kwando, Lakers ta tafi da kofi. Daga wannan lokaci zuwa 1991, ƙungiyar ta kai zagayen ƙarshe sau tara cikin kaka 12. A 1985 ne kuma ta doke Boston Celtics a wannan mataki a karon farko, bayan Celtics ta yi ta kayar da ita har sau takwas a baya.

Abin da ya fi jan hankalina game da Magic shi ne yadda yake ɗaga darajar waɗanda ke gefensa. Mutum ne mai tsawon mita 2.06 da ke gudu da ƙwallo yana kallon hagu, sai ya miƙa ta dama ga James Worthy ko Byron Scott, kafin mai tsaro ya ankara an riga an zura. Wannan salon wasa mai sauri ne ya zama tambarin Lakers a idon duniya. Ya zama gwarzon ɗan wasan gasar sau uku, kuma da cutar HIV ba ta sa ya sanar da ritaya a Nuwamban 1991 yana da shekara 32 ba, da ƙila lissafin ya wuce haka.

Wannan bai rage wa Kobe komai ba, kuma ka riƙe hujjojinka da kyau. Ya yi kaka 20 cur a ƙungiya ɗaya, daga 1996 zuwa 2016, ya tara maki 33,643, wanda babu wanda ya kai shi a tarihin Lakers. A ranar 22 ga Janairun 2006 ya ci maki 81 shi kaɗai a wasa da Toronto Raptors. Ni dai abin da ba na mantawa shi ne daren Afrilun 2013, lokacin da jijiyar agararsa ta tsinke ana tsakiyar wasa da Golden State Warriors, amma ya tako a hankali ya jefa ƙwallo biyun da alƙalin wasa ya ba shi, duka suka shiga, sannan ya fita fili da ƙafarsa. Irin wannan juriya ce ta sa ƙungiyar ta jingine lambobin rigarsa biyu, 8 da 24, a 2017, wato babu wani ɗan wasanta da zai sake saka su.

Inda nake ganin Magic ya ɗara shi kaɗan shi ne a kofuna uku na farko da Kobe ya ɗauka, abokin wasansa Shaquille O'Neal ne aka zaɓa gwarzon zagayen ƙarshe duk sau ukun, sai a 2009 da 2010 ne Kobe ya ja ragamar da kansa. Za ka iya cewa ai shi ma Magic yana da Kareem a gefensa, kuma gaskiyarka ce, domin Kareem ne gwarzon zagayen ƙarshe na 1985. Amma Kareem ya yi kaka huɗu a Lakers tun daga 1975 ba tare da kofi ba, sai da Magic ya iso. Ka gaida yayanka, ka faɗa masa a wannan karon hukuncin ya faɗa ɓangarensa.