Me ya sa ba ma auna ƙarancin iska a jinin mai sankarar hanta?

Ɗana, jiya muna jera kwalaben jini ka tambaye ni cewa, tunda ƙarancin iskar oksijin ne ke ƙara wa sankarar hanta ƙarfi, me ya hana mu auna shi kai tsaye domin a gano cutar da wuri. Kafin in ba ka amsa, sai ka san abin da ke faruwa a cikin ƙarin, wato kumburin da sankarar ke haifarwa.

Ƙari yakan girma da sauri fiye da yadda jijiyoyin jini za su iya ciyar da shi, kuma oksijin ba ya ratsa nama fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga jijiya, saboda haka ƙwayoyin halittar da ke tsakiyarsa sukan rasa iska. A wannan hali ne furotin ɗin da ake kira HIF yake taruwa, wanda masanin kimiyya Gregg Semenza ya gano a farkon shekarun 1990, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2019 tare da Peter Ratcliffe da William Kaelin. Idan HIF ya taru, yakan sa a fitar da wani furotin mai suna VEGF, wanda ke tsirar da sababbin jijiyoyi karkatattu masu yoyo, ya sa ƙwayoyin su koma cin sukari da haɗama, sannan ya sassauta riƙon da suka yi wa juna har su kutsa cikin jijiyar da ke kawo jini daga hanji. Shi ya sa idan likita ya toshe jijiyar da ke ciyar da ƙari, ragowar da ba ta mutu ba takan farfaɗo da ƙarfi.

Matsalarmu ita ce HIF a cikin ƙwaya yake zaune, kuma da zarar iska ta wadata yakan rushe cikin 'yan mintuna. Sawunsa kawai muke iya bi a jini, kamar VEGF, shi ma da hattara, domin idan ka bar jini ya daskare a kwalba, ƙwayoyin da ke daskarar da jini za su zubo nasu VEGF, ka sami adadin da ba na ƙarin ba.

Abin da ke hannunmu har yanzu shi ne gwajin AFP, wani furotin da ƙarin hanta kan zuba a jini, wanda akan fara zargi idan ya haura nanogiram 20 a mililita. A ganina an fi ba shi amana fiye da kima, domin yana hawa ga mai juna biyu da mai kumburin hanta, kuma ƙananan ƙari da yawa ba sa ɗaga shi. A Japan sukan haɗa shi da wasu gwaje-gwajen jini biyu, AFP-L3 da DCP, amma DCP ma yana hawa ga mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini.

Yawancin masu zuwa mana ciwon hanta nau'in B ne da su. Ko sakamakonsu ya fito daidai, ka duba ko an yi musu hoton hanta cikin wata 6 da suka wuce, in ba a yi ba ka rubuta wa likita.