Wa ya kamata ya dafa abinci a gidan rasuwa?

Malama, kin tambaya ko daidai ne mutanen gidan da aka yi rasuwa su riƙa ɗora tukunya don masu zuwa gaisuwa. A asali akasin haka ne. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya ce a yi wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Ke nan girkin na maƙwabta ne da dangi.

Yahudawa ma haka suke yi: abincin farko bayan an dawo daga maƙabarta maƙwabta ke kawo shi, galibi dafaffen ƙwai da burodi.

Gumba da wainar sadakar uku, bakwai ko arba'in kuwa al'ada ce, malamai sun saɓa a kanta. Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ga mace tana takaba ana tambayarta kuɗin cefane. In kina kusa da gidan, ki dama kunu da safe ki aika, da dare kuma tuwo, don baƙin nesa sukan kwana.