Shawarar Lauya: Bizata ba ta ƙare ba, amma an ce kwanakina sun kusa ƙarewa

Tambaya: Barista, gidana bai fi kilomita 12 daga kan iyaka ba. Mahaifiyata da ƙannena suna can ƙetare, kusan kowane mako nakan je. Bizar shekara guda gare ni, saura wata shida, amma jami'in shige da fice ya ce kwanakina sun kusa ƙarewa. Ta yaya?

Amsa: Malam, jami'in bai zalunce ka ba. Abu uku ne a jikin biza, kuma mutane kan ɗauke su abu ɗaya: wa'adin bizar, yawan shigar da aka yarje maka, da adadin kwanakin zama. Kai wa'adin kake kallo, shi kuwa kwanakin yake ƙirgawa.

Tunda ba ka ambaci iyakar ba, bari mu ɗauki misalin tsarin Schengen, wato na ƙasashen Turai da suka haɗa biza ɗaya. Ƙa'idarsa kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ba daga ranar da aka buga bizar ake lissafi ba. Duk ranar da ka tsaya gaban jami'i, baya zai waiwaya kwana 180 ya tara kwanakin da ka yi a ciki. Ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce, ko da awa biyu ka yi. Wanda ke shiga Juma'a ya fito Lahadi ya ci kwana 3. A mako 25 ya ci 75. Idan jinya ko biki ya zaunar da shi mako huɗu a jere, ya wuce layi bai sani ba. Fita ka dawo washegari ba ya goge komai, sai tsofaffin kwanakin sun fita daga cikin 180 ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Mai yawon buɗe ido bai cika jin wannan ba, mazaunin bakin iyaka ne yake shan wuyarsa, kuma a ganina nan dokar ta gaza.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka ware wa irinku takarda ta daban. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta ba da damar izinin zirga-zirgar bakin iyaka ga wanda ya zauna aƙalla shekara guda a cikin kilomita 30 daga iyaka, wani wurin har 50, muddin ƙasashen biyu suna da yarjejeniya. Izinin kan yi shekara 1 zuwa 5, kuma a 2013 Kotun Turai ta yanke cewa wata ukun da izinin ya yarje a zauna na kowane zama ne, ba a tara su kamar na biza. Amurka ma tana ba 'yan Meziko katin ƙetare iyaka: kwana 30, cikin mil 25 a Texas da California, 55 a New Mexico, 75 a Arizona. Sharaɗin duka ɗaya ne, kada ka wuce yankin. Aka gan ka a babban birni da wannan takarda, ka saɓa doka.

Idan kuma tsakanin ƙasashen ECOWAS kake, yarjejeniyar 1979 ta ɗauke maka biza har kwana 90, amma ba ta ɗauke maka takardar tafiya mai inganci da bin mashigar hukuma ba. Bin barauniyar hanya shi ke sa a rasa hatimin fita, a rubuce kuma kamar ba ka taɓa fitowa ba.

Abin yi yanzu: ɗauki fasfonka ka rubuta ranar kowace shiga da fita ta wata shidan baya, ka tara da kanka. In akwai hatimin da ya ɓace, nemi tikitin mota, rasit ko takardar asibiti da ke nuna kana gida a ranar. Sannan ka je ofishin jakadancin ƙasar da kake zuwa ka tambaya ko akwai izinin mazauna iyaka. Za su nemi shaidar zama da shaidar dangantaka. In babu, kuma kana buƙatar daɗewa wajen Hajiya, nemi bizar dogon zama tun kana gida. Tsawaita gajeriyar biza daga ciki sai da dalili mai ƙarfi, kamar rashin lafiya, kuma kafin kwanakin su cika ake nema.

Kada ka kama aikin albashi ko ka kafa rumfa da bizar ziyara, wannan kaɗai ya isa a soke ta. Wuce wa'adi kuwa yakan jawo tara, kora, ko hana shiga: a Turai yawanci har shekara 5, a Amurka shekara 3 ga wanda ya wuce wa'adi da fiye da kwana 180, shekara 10 ga wanda ya kai shekara. In aka hana ka shiga, karɓi takardar hukuncin a rubuce ka duba wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a fassara maka ba.