Makarantar Faransawa ta Legas: me ake koyarwa?

Hajiya, kin tambaya ko ki sa 'yarki mai shekara huɗu a makarantar Louis Pasteur da ke Legas, da abin da za ta tarar a can.

Makarantar tana ƙarƙashin AEFE, hukumar da Faransa ta kafa a 1990 don kula da makarantunta na ƙasashen waje. Manhajar da ake bi a Faransa ita ake bi a nan, shi ya sa idan aiki ya kai ku wata ƙasa yarinyar za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ana ɗaukar yara rabin aji tun suna shekara 3, sai su yi firamare na tsawon shekara 5, ƙaramar sakandare shekara 4 da jarrabawar brevet, sannan babbar sakandare shekara 3 da ke ƙarewa da jarrabawar baccalauréat. A ajin ƙarshe kowa sai ya karanta falsafa.

Shekarun 'yarki sun dace ƙwarai, domin a wannan lokacin yaro kan tsinci Faransanci cikin wasa. Akwai darasin Ingilishi, amma lissafi da kimiyya da tarihi galibi a cikin harshen Faransanci za ta koye su.

Abin da nake so ki yi wa dogon nazari shi ne addini. Tsarin Faransa ba ya koyar da shi a aji, don haka Islamiyya da karatun Alƙur'ani suna wuyanki, Hausarta ma haka.

Kafin ki biya ko sisi, je ki duba ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje da filin wasa da idonki. Ki kuma nemi jimillar kuɗin shekara a rubuce.