Ku Tambaya Mu Amsa: Babur Mai Caji da Zafin Saudiyya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kai saƙon abinci a Jidda, kullum nakan ci kilomita 150 a kan babur mai 150cc. Wani dillali a Sana'iyya ya nuna mini babur mai caji, an rubuta 72V 40Ah a jikin batirinsa. Ya ce caji ɗaya yana kai shi kilomita 120, kuma na huta da sayen fetur har abada. In saya?
*Mai kai saƙo, unguwar Kandara, Jidda*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka zaro kuɗi, ɗauko biro mu yi lissafi, domin ta wajen tsadar mai Saudiyya ba Kano ba ce.

Litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, tun da gwamnati ta sa wa farashin iyaka a watan Yulin 2021. Babur irin naka, idan yana da lafiya, yana shan kusan lita biyu da rabi a kilomita 100, wato riyal biyar da rabi ke nan. To, mai cajin fa? Ka ninka 72 sau 40, za ka samu 2,880. Ma'ana batirin yana ɗaukar abin da bai cika yunit uku na wuta ba. Da nauyinka, da akwatin kaya a baya, da tsayawa da tashi a kowace danja, wannan batir zai kai ka kilomita 70 zuwa 80 ne. Shi wancan 120 da dillali ya faɗa ana samunsa, amma sai da siririn mutum, babu kaya, a kan shimfiɗaɗɗen titi, yana lallaɓawa da gudun 35. Daga soket za ka ja kusan yunit huɗu da rabi a kowane kilomita 100. Wutar gida halala 18 ce yunit ɗaya (halala ɗari ne riyal guda), ka ɗora harajin kashi 15, duka bai kai riyal guda ba.

Rarar da za ka samu ke nan riyal huɗu da rabi a kilomita 100. Idan kana fita kwana 26 a wata, ka yi kilomita 3,900, ka tsira da kusan riyal 175. Sai ka ƙara da kuɗin baƙin mai, filogi da sarƙa, waɗanda babur mai mota (injin lantarki) a cikin taya ba ya buƙata. Ba laifi, kuɗi ne.

Gizo yana saƙa ne a wajen batir. Tafiyarka tana buƙatar caji biyu a rana, sama da 600 a shekara. Batirin litiyom samfurin da ake kira NMC yakan yi caji 800 zuwa 1,000 kafin ƙarfinsa ya sauko zuwa kashi 80, kuma wannan a yanayi mai sauƙi ne, ba zafin watan Agusta ba. Samfurin LFP yana wuce 2,000, ya fi jure zafi, sai dai ya fi nauyi. Na dalma, irin na janareta, 300 zuwa 500 ne, kada ma ka kalle shi. Idan naka NMC ne, cikin shekara ɗaya da rabi zai fara gazawa, a lokacin rararka ta kai riyal dubu uku da ɗoriya. Saboda haka koma wurin dillalin ka tambaye shi abu uku: wane samfurin batir ne, nawa sabonsa, kuma yana da shi a shago ko sai an yi oda daga Sin. In kuɗin sabon batir ya haura dubu uku, abin da ka tara a gidan mai za ka juye masa ne kawai.

Ga kuma lokaci. Caja mai amfiya 10 tana buƙatar awa huɗu da rabi zuwa biyar ta cika batirin 40Ah. Wa zai kai maka saƙonni a wannan tsakanin? Sai dai in batirin na cirewa ne kuma kana da na biyu a ɗaki.

A ganinmu, wannan babur bai dace da aikinka ba. Wanda zai more shi shi ne mai tafiyar kilomita 30 ko 40 a rana, daga gida zuwa shago, masallaci da kasuwa. Ko shi ɗin ma kada ya hau babban titi da shi: a gudun 80 zuwa 90 iska tana cinye kusan rabin tazarar, don haka Jidda zuwa Makka ba tafiyarsa ba ce. Kuma duk mai saye ya tabbatar za a yi wa babur ɗin istimara (takardar rajista) da lamba tun kafin ya biya. Akwai da yawa a kasuwa waɗanda ba su da takardar da za a yi musu rajista da ita, kuma jami'in Murur, wato ɗan sandan hanya, ba zai saurari cewa ai na lantarki ne ba.

Tambaya: Ɗana ya sayi babur mai caji. Da ya dawo da la'asar sai ya ciro batirin ya jona shi a ƙarƙashin matakalar bene har safiya. Rannan na taɓa shi, zafi kamar dutsen guga. Sannan yana kukan cewa babur ɗin yana ɗaukewa in yana hawan tudun unguwarmu. Hankalina bai kwanta ba.
*Wata uwa, Shara Mansur, Makka*

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya, kuma a yau ɗin nan a sauya wa batirin wuri. Matakala ita ce hanyar fitar duk mutanen gidan. Batirin litiyom in ya kama wuta, cikin daƙiƙoƙi yake turnuƙe wuri da hayaƙi mai guba, kuma yakan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu. A riƙa cajinsa a tsakar gida ko wani wuri mai inuwa da iska, a kan tayil ko siminti, nesa da katifa, labule da tukunyar gas, a kuma lokacin da akwai mai ido biyu.

Dalilin zafin shi ne ana jona shi da zafinsa na hanya. Ƙa'idar litiyom ita ce kada a yi masa caji in ya haura digiri 45. A Makka kuwa iskar waje kaɗai takan wuce haka, a Hajjin 2024 har 51.8 aka auna. Batirin da ya yini a cikin baƙin akwati a ƙarƙashin mazauni ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Ya bar shi ya huce na awa guda. In ya ɗora tafin hannunsa ya kasa barinsa a kai, bai isa caji ba tukuna. Mafi kyawun lokaci bayan isha'i ne ko bayan asuba, kuma a cire shi da zarar fitilar caja ta koma kore.

A duba cajar ma. Batirin da aka rubuta wa 72V, in NMC ne, cajarsa 84V take fitarwa. In LFP ne mai ƙwayoyi 24, 87.6V ne. Bakinsu yakan zama iri ɗaya, shi ya sa yara ke aron cajar juna, alhali sa wa NMC cajar da ta fi ƙarfinsa na daga cikin abin da ke jawo gobara. Lambar da ke bayan caja ta dace da wadda ke jikin batir. Wasu tsofaffin gidajen Makka da Jidda har yanzu suna da soket na 127V a gefen na 220V, a tabbatar da wanda ake jonawa, kuma a bango kai tsaye, ban da siririyar wayar ƙari ta riyal goma.

Ɗaukewa a tudu kuwa, akwai 'yar na'ura a cikin batirin da ke yanke wuta in zafi ko jan wuta ya wuce kima. Aikinta take yi. Wasu masu gyara sukan ce za su tsallake ta don babur ya daina ɗaukewa. Kada ki yarda, Hajiya. Maganin shi ne ya daina hawan tudun da goyo, ya daina murɗe totur har ƙarshe daga tsaye, kada kuma ya bari caji ya sauka ƙasa da kashi 30 kafin ya fuskanci hawan. Motar (injin) da ke cikin tayar baya ba ta da giya, in ana jan ta a hankali da nauyi a tudu, wutar takan koma zafi har ta ƙona siraran wayoyin da ke cikinta. Idan kuma akwatin batirin ya kumbura, ko yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, a fitar da shi waje nan take, kada a sake jona shi.

Tambaya: Na sa wa babur ɗina na fetur mariƙin waya da cajar USB. Yanzu kyamarar wayar tana rawa, hoto ba ya fita, kuma in babur ya kwana biyu ba ya tashi da sitata.
*Ɗan'uwanku daga Batha, Riyad*

Amsa: Malam, matsala biyu ce daban-daban. Kyamarorin wayoyin zamani suna da gilashi mai lilo a kan ƙananan sifirin don hana hoto girgiza. Karkarwar injin mai silinda ɗaya, da take biyowa ta kan babur, tana lalata shi. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a kan haka a watan Satumban 2021. Wadda ta lalace sai an sauya kyamarar. Nan gaba ka nemi mariƙi mai robobin shanye girgiza a tsakaninsa da ƙarfe, ko ka ware tsohuwar waya mai araha don taswira da karɓar oda. Ka sa mata 'yar rumfa, domin iPhone an yi shi ne ya yi aiki a ƙasa da digiri 35. Rana daga sama, caji daga ƙasa, sai ka ga fuskar ta dushe, cajin ma ya tsaya.

Batirin kuwa, mun tabbata an jona cajar ne kai tsaye a kansa. Tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko ba a sa waya ba, batirin ƙaramin babur kuma 5Ah zuwa 7Ah ne kawai. A kwance ta, a ɗauko wutar daga wayar da ba ta kawowa sai an murɗa makulli, a sa fiyus mai amfiya 3 kusa da inda aka ɗauko. A yi wa haɗin soda a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, domin baƙin tef narkewa yake yi a Riyad. Daga nan a auna da mita: batirin ya nuna 12.6V in babur yana kashe, 13.5V zuwa 14.5V in an ba shi wuta. In bai kai 13 ba, laifin na rektifaya ne ko kwil. Idan babur ɗin na kamfani ne, nemi izini kafin a yanka ko da waya ɗaya.

Tambaya: Zan iya ƙara fitilu biyu masu haske da na'urar bin sawu a babur mai caji?
*Wani dattijo daga Madina*

Amsa: Za ka iya, Baba, amma ba daga babban batir ba. Waɗannan kaya 12V suke ci. Babur ɗin yana da ƙaramin akwati mai sauko da wuta daga 72 zuwa 12, yawanci mai amfiya 10, kuma babbar fitila, sigina da oda duk a kansa suke. Fitilu biyu masu wat 20 za su ƙara masa amfiya uku da 'yan kai, zai iya ɗauka. In sun fi haka, a sa masa ɗan'uwa na biyu da fiyus ɗinsa. A karkatar da hasken ƙasa don kada ya kashe wa masu tahowa ido, kuma ban da ja da shuɗi masu walƙiya, na hukuma ne.

Na'urar bin sawu tana buƙatar layin waya mai data. Ka zaɓi mai ƙaramin batirinta a ciki, don ta ci gaba da nuna wuri ko ɓarawo ya cire babban. A ɓoye ta a ƙarƙashin roba, domin ƙarfe yana tare mata sigina, kuma nesa da kwantirola, akwatin da ke sarrafa wutar injin, saboda zafi. In tana da wayar kashe babur daga nesa, a saita ta yadda ba za ta yanke wuta ba sai babur yana tsaye.