Shin tono kayan tarihi na iya faɗa mana yadda magabata suka fuskanci sauyin yanayi?

Malam, tambayarka daga Gombe kan ko magabata sun taɓa ganin irin wannan canjin damina tana da amsa a ƙarƙashin ƙasar yankinmu. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai kimanin shekaru 8,000, wato tun zamanin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo bayan janyewar ruwan. A Gajiganna ta Borno, wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, mutane sun bi sabuwar ƙasar da ta bushe da shanunsu da awakinsu, suna kamun kifi, suna tattara hatsin daji, kuma sai bayan ƙarnuka suka rungumi noman gero mai jure fari. Ba su dogara da sana'a guda ba.

Sai dai a lura, su sun sami sararin ƙaura, alhali manomin Nafada ko Dukku a jihar Gombe a yau gonarsa tana da iyaka ta kowace kusurwa.