Waya za ta iya gano abin da ke damun silon mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙaramar motata ce mai fetur, ƙirar 2007, 'yar Kwatano. In na tsaya a cunkoson Kwangila sai allurar injin ta riƙa hawa da sauka, motar na karkarwa kamar mai zazzaɓi, wani lokacin ma ta mutu in na kunna esi. A kan hanya kuwa lafiya lau. An canza fulogi sau biyu, yanzu makanike ya ce sai an sayi sabuwar ƙwaƙwalwar mota. Na ji ana duba mota da waya, gaskiya ne? Daga wani malamin makaranta a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma kada ka yi gaggawar fitar da kuɗin ƙwaƙwalwa. Ita ce aka fi ɗora wa laifi, alhali ba kasafai take lalacewa ba.

Leƙa ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwarka, za ka ga wani soket mai ramuka 16. Sunansa OBD2. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai kuma ga motocin fetur daga 2001, don haka da wuya taka ta rasa shi. Abin da za ka saya wata 'yar na'ura ce kamar kwalin ashana, ELM327, wadda ake cusawa a soket ɗin ta haɗu da waya ta Bluetooth. Sai ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Mai iPhone ya tambaya tukuna, don yawancin masu arahar da Android kaɗai suke aiki. In ka gama ka cire ta, tana shan batir ko mota na kashe.

Manhajar za ta fara nuna maka lambobin matsala. P0505 zuwa P0507 na nufin matsala a tsarin silo, wato juyin injin yayin da mota ke tsaye, P0171 iska ta rinjayi mai, P0301 zuwa P0304 kuma silindar da ba ta ƙona mai daidai, lambar ƙarshe ita ce lambar silindar. Rubuta su a takarda. Kada ka danna gogewa don wutar cek-injin ta mutu, ka ɓatar da shaida ke nan, cutar kuma na nan.

Amma ni inda na fi zura ido shi ne alƙaluman da ke motsi yayin da injin ke aiki. Bari motar ta yi zafi sosai, a kashe esi, ka dubi silo: yawancin ƙananan motoci na zama tsakanin juyi 600 da 900 a minti. Sannan nemo STFT da LTFT. Waɗannan su ne yawan man da kwamfutar motar, wato ƙwaƙwalwar, ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita shi da iska. In ka haɗa biyun suka tsaya cikin kashi 10, sama ko ƙasa, babu damuwa. In ka ga ƙarin kashi 15 ko 20 a silo, taka totur ka riƙe allura a 2,500. Adadin ya sauko? To iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, wadda kwamfutar ba ta ƙirga ba. Ɗaga bonet ka kasa kunne, sau da yawa za ka ji tsiii kamar tayar keke na sacewa. Lanƙwasa babban tiyon iska da hannu ka duba ƙasansa, don tsagewar kan ɓuya a cikin lanƙwasar robar. In kuwa adadin ya ƙaru da ka taka, sai a koma kan famfon mai, nozul ko na'urar auna iska.

Dubi zafin ruwa ma. In ka taso daga Samaru har PZ ya kamata ya kai wajen digiri 85 zuwa 95. Ya maƙale a 60 da 'yan kai? Wataƙila an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, aikin da garejojinmu ke yi da sunan wai ƙasarmu da zafi. Kwamfutar sai ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta yi ta zuba mai.

Da yake mutuwar na zuwa ne in ka kunna esi, zargina na farko maƙogwaron totur ne. Ƙurar hunturun Zariya da tururin baƙin mai kan taru a bakinsa, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, 'yar kafar da iskar silo ke bi ta toshe. A wanke shi da ruwan feshin da aka yi don haka, a canza matatar iska. In totur ɗinka na lantarki ne, kada yaron gareji ya tura murfin da ƙarfi, kuma silo kan iya yin sama bayan wanki har sai kwamfutar ta sake koyonsa.

Ɗauko hoton allon wayar sau biyu, ɗaya a silo ɗaya a 2,500, ka turo mini tare da lambobin da ka rubuta, mu duba kafin ka koma gareji.